Dunƙule ko Gutsure: Manhajar Asibitocin Bakin Ruwa

Ku da kuke zuwa shagona a Yelwa kuna cewa haɗa manhaja ya zama wasan yara, tunda yanzu kwamfuta da kanta tana rubuta wa mutum rabin aikin, ban ƙaryata ku ba. Rubutun ya yi sauƙi. Sai dai ba a rubutun nauyin sana'ar nan yake ba. Yana wurin yanke shawara, kuma akwai shawara ɗaya da za ta bi ku duk inda kuka je, muddin a ƙasar nan kuke aiki. Idan waya za ta tura babban kaya zuwa saba, ko za ta karɓo shi, a dunƙule za a tura ko a gutsure?

Ga wanda bai sani ba, saba ita ce babbar kwamfutar da ke zaune can wani gari, inda ake ajiye bayanai. Duk sanda manhajar da ke cikin waya ta roƙi wani abu a wurinta, ko ta miƙa mata wani abu, mukan ce ta yi kira. Ba kiran murya ba ne, saƙo ne ya tafi, amsa ta dawo. Kana iya ɗaure komai a kira ɗaya, shi ne maigidana Malam Bawa yake ce wa dunƙule. Kana iya raba kayan ƙanana-ƙanana, kowanne da kiransa, shi ne gutsure. A littafi shafi ɗaya ne. A bakin tafkin Kainji kuwa na ga an binne mutane a tsakanin biyun nan.

Da buga takardu na fara, a wani shago kusa da tasha, ina da mata da 'ya'ya biyu kafin in san mene ne saba. Malam Bawa ne ya ɗauke ni. Mutumin Shanga ne, ya daɗe yana aiki a Kaduna, ya dawo gida da tsohuwar kwamfutar cinya da ciwon baya. Kayan aikinmu ba su da yawa: kwamfutarsa, tawa da ya haɗa mini daga gawar wasu biyu, batirin mota da inbata mai juya wutarsa in an ɗauke wuta, ƙaramin janareto, da wayoyi masu arha da ya tsinto wurin masu gyara. Bai yarda a gwada aiki a waya mai tsada ba, don a cewarsa ba ita ce a hannun mutane ba. Akwai kuma kwanon samira mai murfi a ƙarƙashin teburinsa. Idan na ce masa aiki ya kammala, sai ya danna tura, ya jefa wayar cikin kwanon ya rufe don sabis ya yanke, ya jira kaɗan, ya buɗe ya duba abin da manhajar ta yi. Yawancin abin da na rubuta a shekarar farko a cikin kwanon nan ya mutu.

Aikin da ya fara koya mini batun kira na 'yan kifi ne. Dillalan banda na kasuwar Yelwa suna da wata manhaja da wani ya haɗa musu daga kudu, suna sa hoton kwandunan kifi don masu saye na nesa su gani. Suka kawo mana ita suna ƙorafin ba ta buɗewa. A shago muka gwada, ta buɗe lafiya. Malam Bawa ya ce in ɗauki wayar mu sauka bakin ruwa. Can, tsakanin hayaƙin banda da ƙarar injin jirage, na danna kwando ɗaya, alamar jira ta yi ta juyawa har wani Alhaji da ke tsaye kanmu ya gaji ya koma rumfarsa. Da muka buɗe cikinta, sai muka ga wanda ya rubuta ta ya gutsura komai. Sunan dillali kira ɗaya, irin kifin kira ɗaya, girman kwando kira ɗaya, kowane hoto nasa daban, kuma na biyu ba ya tashi sai na farko ya dawo. Kowane kira yana da gaisuwarsa kafin a shiga magana: waya ta yi sallama, saba ta amsa, a tabbatar da ko wane ne, sannan a miƙa kaya. Inda sabis yake da ƙarfi, ba ka ma jin gaisuwar. A bakin ruwa kowace gaisuwa jira ce, kuma ana maimaita ta ba iyaka, batir yana zuba. Muka ɗaure duka a kira ɗaya, muka rage nauyin hotunan. Ta koma buɗewa kafin mutum ya gama gyara hularsa. Dillalan suka riƙa aiko mana da kifi har damina ta wuce.

Daga nan na riƙe cewa a ƙasar da sabis yake da rauni, dunƙule ne magani. Malam Bawa ma haka ya riƙe, kuma ba don rashin sani ba, abin da muka gani da idonmu ke nan. Mun yi wa makarantu aiki a haka, mun yi wa masu maganin dabbobi da ke bin rugage a haka, ba a taɓa dawo mana da aiki ba.

Sai aikin asibitoci ya zo. Wata ƙungiyar agaji ce ta raba wa ƙananan asibitocin bakin tafki wayoyi da wata ƙaramar na'urar hoton ciki da ake jonawa da waya. Ungozoma za ta ɗauki hoton cikin mai juna biyu, amma ba aikinta ba ne ta fassara shi. Za ta rubuta abin da ke damun matar, da awon jini, da tarihin haihuwarta, ta haɗa da hotunan da ɗan guntun bidiyo, ta tura wa likita a gari, shi kuma ya duba ya ce a kawo ta ko a bar ta can. Kayan yana da nauyi, bidiyon ne ya fi komai. Muka zauna da injiniyan ƙungiyar ta waya, muka yi shawara, kowa ya tsaya a kan dunƙule. Dalilin yana da kyau. Bayanin mara lafiya ba kwandon kifi ba ne, ba ma so likita ya ga rabi. Idan aka ɗaure shi wuri ɗaya, ko dai ya isa duka ko kada ya isa sam. Muka ɗaure, muka kulle shi yadda ko mu ba za mu iya karantawa a hanya ba, saboda sirrin mata.

Ni aka tura in koya wa ma'aikata. A nan na san Malama Asabe, ungozoma a wata tungar masunta a gefen Ngaski, inda in ruwa ya cika sai da jirgi ake shiga. Ta girme ni nesa, kowa a tungar Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Asibitin ɗaki biyu ne da faranti ɗaya na sola a rufi. Sabis ba ya shiga ɗakin, sai ta fita ta hau wani tudu bayan masallaci, ta ɗaga wayar. A rani tura bayani ɗaya yakan ɗauke ta kamar tsawon shan fura. Ta ce wannan ba komai ba ne, ta saba jiran abin da ya fi haka. Shekarar farko aikin ya tafi daidai, har mutanen tungar suka saba. Mai jirgi ba ya tada inji don mai naƙuda sai an ce likita ya ce a kawo, miji ma ba ya yarda a ɗauki matarsa sai ya ji haka. Wannan sabon da suka yi, babu wanda ya sa shi a lissafin aiki, ko mu ko ƙungiyar.

Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ita ce mummunar shekarar sana'ata. Kogi ya cinye shinkafar fadama tun daga Shanga har ƙasa, tungaye suka tashi, mutane suka koma makarantu da tudu. Turakun sabis na bakin ruwa da janareto suke aiki, motar mai kuwa ba ta iya kai musu. Sabis ya koma yana zuwa yana tafiya kamar numfashin mara lafiya. Ya leƙo na ɗan lokaci, ya ɓace. Kiran murya ba ya tsayawa a gama sallama. Saƙon tes kansa yakan kwana a hanya.

Wata Talata da hantsi muna shago ni da Malam Bawa, allon saba a buɗe gabanmu, sai muka ga wayar tungar Inna Asabe ta fara turo kaya. Ya hau kaɗan, ya yanke. Ga halin dunƙule: in ya yanke, ba a ci gaba daga inda aka tsaya, daga farko ake sakewa. Ya sake tashi, ya kai kusan rabi, ya yanke. Ya sake. Ba mu san ko wace ce ba, ba mu san abin da ke ciki ba, tunda a kulle yake kuma bai cika ba. Abin da muka sani kawai, wayar nan ba ta taɓa naci irin haka ba. Na yi ta kiran Inna, ba ya shiga. Malam Bawa ya kira likitan ya ce masa akwai wani abu a tungar, amma ba mu san ko mene ne ba. Likita ya ce shi ma ya gwada lambarta bai samu ba, kuma ba zai iya ba da umarni a kan abin da bai gani ba. Sau ɗaya kayan ya kusa cika, saura kaɗan, har Malam Bawa ya miƙe tsaye. Ya yanke. Bayan azahar wayar ta yi shiru.

Da ruwa ya ɗan lafa na shiga jirgi na tafi, Inna Asabe ta ba ni labari a bakin asibitin. Matar sunanta Hassi, matar wani masunci Mamman, cikinta ya tsufa. Da safe jini ya ɓalle mata, babu ciwon naƙuda. Inna ta ce tun kallon farko ta ce a tafi gari. Amma tafkin ya cika ya rufe kututturan itatuwan da ke cikinsa, ga iska, ga shi ba a daɗe ba wani jirgi ya daki kututture ya fashe. Mai jirgi ya ce zai tafi in likita ya ce dole. Mamman ya ce ba zai jefa mace mai ciki cikin ruwan nan ba alhali wataƙila likita ya ce a jira. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne mai dalili. Inna ta hau tudu, ruwa yana dukanta, ta rufe wayar da leda, tana dannawa tana sakewa, tana saukowa ta duba Hassi, tana komawa. Da ta ga idon matar ya fara fari, ta bar wayar ta kama Mamman da faɗa har ya yarda. Suka taso. Hassi ta cika a cikin jirgi, ana hango rufin kwanon Yelwa. Jirgin ya juya da ita.

Mamman ya zo ya same ni kafin in bar tungar. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni, na yi masa ta'aziyya, sai ya ce, "Malam, an ce kai ka yi wanga abu na waya. Ina son in sani, likita ya gani bai ce komi ba, ko bai gani ba?"

Na ce masa bai gani ba, saƙon bai isa ba. Ya gyaɗa kai ya ce to, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya koma wurin komarsa.

Na kwafo kayan daga wayar Inna na kai wa likita da hannu. Ya karanta layin farko, bai ko buɗe bidiyon ba. Ya ce ciki ya tsufa, jini, babu ciwo, wannan kaɗai ya isa ya ce a taso nan take. Kalmomin da ba su cika layi biyu ba, da sun wuce a leƙowar sabis ta farko. Nauyin bidiyon ne ya riƙe su, tunda a ɗaure suke tare.

Ruwa bai janye ba, mata ba su daina haihuwa ba, don haka babu lokacin dogon nazari. Ƙungiyar ta ce a gutsura. Likita ya ce a gutsura. Mu ma haka muka gani. Muka kwance dunƙulen, kowane sashe ya zama kiransa: suna da shekaru, ƙorafi, awon jini, tarihin haihuwa, kowane hoto, bidiyo a ƙarshe. Wanda ya samu hanya ya wuce, wanda bai samu ba ya jira ya sake gwadawa. Sabuwar manhajar ba ta sauka ta sabis a can, sai da na bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya da jirgi da babur, ina sa musu ita daga wayata ta igiya. Inda babur ya kafe, na tura shi cikin taɓo. Na yi zazzaɓi a Wara, na kwanta a ɗakin wani mai shayi, na tashi na ci gaba.

Nan da nan bayanai suka fara isa. Amma gutsure ya zo da nasa. Wani lokaci saba ta karɓi kaya, amsarta ce ta ɓace a hanya, sai waya ta ɗauka bai isa ba ta sake turawa, mace ɗaya ta zama biyu a allon likita. Wani lokaci hoto ya riga suna isa, ya zauna ba mai shi. Waɗannan mun yi ta bin su muna toshewa. Wanda ya fi su duka ba a ganinsa, domin gurbi ne kawai ba rubutu.

Wata mata ce, Kulu, ambaliya ta koro su daga wajen Shanga, suka sauka wurin dangi a tungar Inna Asabe. Naƙuda ta kama ta da safe. An taɓa yi mata aiki a haihuwar da ta wuce, Inna ta ga tabon, ta tambaye ta, ta rubuta a gurbin tarihi, ta hau tudu ta tura. Suna ya wuce, ƙorafi ya wuce, awon jini ya wuce, har hoto ɗaya ya wuce. Gutsuren tarihi ne ya maƙale. A allon likita gurbin ya fito fari, kamar yadda yake fitowa ga matar da ba ta da wani tarihi. Ya ga awon jini lafiya, ya ga kan yaro a ƙasa, ya tuna halin da tafki yake ciki, ya rubuta a bar ta ta haihu can a sa ido. Amsarsa gajeriya ce, ta isa nan take. Inna ta gaya mini ta yi mamaki, amma ta ce a ranta likita ya ga tarihin, ya auna shi da haɗarin ruwa, ya zaɓi wanda ya fi sauƙi. Ba ta da hanyar sanin cewa bai gani ba. Shi ma ba shi da hanyar sanin akwai abin da bai iso ba.

Can da rana sabis ya leƙo, gutsuren ya wuce. Likita yana tsakiyar duba wasu ya koma kan bayanin, ya ga gurbin ya cika. Ya aika a taso da ita yanzu-yanzu. Wannan karon mai jirgi bai yi gardama ba. Sun iso da ita da rai, amma tsohon ɗinkin ya riga ya buɗe a hanya. Aka shiga da ita tiyata. Ta rayu. Yaron bai rayu ba, kuma an cire mahaifar.

Washegari likita ya zo shagonmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama. Ya ce wa Malam Bawa, "Malam, wancan karon ba ku kawo mini komai ba, na san ban sani ba. Wannan karon kun kawo mini rabi, na ɗauka duka ne. Na farkon ya fi mini."

Malam Bawa ya jawo masa kujera ya ce ya zauna dai, domin abin da ya rage ba mu ne za mu iya yanke shi ba, shi ne. Ya ce ya gaya mana abubuwan da in babu ɗaya daga ciki ba zai buɗe baki ya ba da umarni ba. Likita ya zauna. Suka yi ta ja har la'asar. Duk abin da likita ya ce a sa, Malam Bawa sai ya tambaye shi ko zai yarda mace ta jira a tudu saboda shi. Wasu ya ce a'a, a cire. Wasu ya ce ko za a jira, dole su zo tare. Daga baya na kai wa Inna Asabe abin da suka tsayar, ta ƙara abu ɗaya, wai a sa ko akwai jirgi a tungar a lokacin, don kada likita ya ce a taso alhali jirage duk sun fita su.

Abin da muka gina a ƙarshe ba dunƙule ba ne, ba gutsure ba ne, kuma shi nake so ku riƙe. Kira na farko ƙarami ne, rubutu zalla, babu hoto, amma a ɗaure yake: ko wace ce, me ke faruwa, awon jini, tarihi, jirgi. Waɗannan ba sa rabuwa, ko su isa tare ko kada su isa, kuma saboda ƙanƙantarsu suna wucewa ko da sabis ya leƙo ne kawai ya koma. A cikinsa akwai sanarwar abin da ke tafe a baya, hotuna kaza da bidiyo. Su kuma masu nauyin aka yanka su gunduwa-gunduwa, kowace da lambarta, in ya yanke a ci gaba daga inda aka tsaya, kuma saba ba ta nuna hoto sai ya cika. Kowane bayani yana da shaidarsa tun daga waya, ko an turo shi sau nawa, saba ta san guda ne. Gurbi fari muka hana shi gaba ɗaya. Ko dai a rubuta babu, ko a rubuta bai iso ba, da jan rubutu. Ita ma ungozoma tana gani a wayarta abin da likita ya gani da abin da bai gani ba tukuna.

Ba girman kaya ake fara tambaya ba. Ana fara tambayar wane ne yake jira a ɗaya gefen, me zai yanke da abin da ya iso masa, kuma me zai faru in rabi ya iso. Wannan ba a kwamfuta ake samunsa ba, sai an je an zauna da mai jiran. Kwamfutar da kuke taƙama da ita za ta rubuta muku kowanne daga cikin ukun cikin ƙiftawar ido, kuma duka za su yi aiki a shago.

Sabon tsarin ya yi damina ɗaya cur yana aiki. Mata da dama an taso da su a kan lokaci, wasu an bar su sun haihu a gida lafiya ba tare da an jefa su cikin ruwa a banza ba. Sai wa'adin ƙungiyar ya ƙare. Suka kira taro, suka yi godiya, suka ce hukuma za ta karɓi aikin. Ba wanda ya karɓa. Aka rufe saba. Likitan ma aka yi masa canjin wurin aiki. Malam Bawa dama bayansa ya hana shi zama a kujera, kuma tun lamarin Kulu ya rage magana. Ya tattara kwamfutarsa ya koma Shanga wurin ƙannensa, ya bar mini shagon da batirin mota. Can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni na koma yi wa makarantu manhajar sakamakon jarrabawa, aikin da in ya yanke babu wanda zai mutu.

Bayan rufewar da 'yan watanni, ranar wata kasuwa, Inna Asabe ta shigo shagon da wayar a ƙulle cikin leda. Ta tsufa ƙwarai a ɗan tsakanin. Muka gaisa, ta zauna, ta ce wayar ba ta riƙe caji, kafin azahar ta mutu, ga solar asibiti ya yi rauni. Na buɗe na duba. Babu wanda ya gaya mata an rufe saba. Duk watannin nan tana duba mata, tana rubutawa, tana hawa tudu tana turawa, tana ɗauka rashin sabis ne ya hana amsa zuwa. Bayanan suna nan jere a cikin wayar, kowanne da jan rubutu bai isa ba, manhajar kuma tana ta gwadawa ba dare ba rana kamar yadda muka gina ta, don ba mu koya mata gajiya ba. Shi ke cinye batirin.

Na yi mata bayani. Ta tambaye ni ko za a sake buɗewa. Na ce ban sani ba, kuma ba na so in sa mata rai. Ta tambaya ko akwai wani likita da za a juya wa bayanan. Na ce babu wanda na sani. Na ce in tana so zan bar manhajar ta ci gaba da gwadawa, ko da Allah zai sa wata rana a kunna, in kuma tana so in tsayar da ita, batirin zai riƙa kai mata har gobe.

Ta dubi ƙofa, don jirginsu da la'asar yake tashi kuma ba ya jiran kowa. Ta ce, "Tsai da shi, Isiya. Akwai mai wata tara tana jirana, fitilar wayar nika so."

Na tsayar. Ta mayar da wayar cikin leda, ta ƙulle, ta sauka bakin ruwa.